Soron Karkara: Sharhi A Kan Gidajen Manya A Katsina Laka



Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi, idan ya bar kwalta ya kutsa cikin garuruwan da ke gefe, musamman bayan kaka sa'ad da aka sare karan dawa ido ya sami nisan gani, lalle zai riƙa cin karo da wani irin gida wanda ya sha bamban da maƙwabtansa: babban zaure mai kaurin bango, zankwayensa sun guntule, indararonsa ya karkace, a bayansa doguwar katanga ta kewaye fili mai faɗi, a cikin filin kuwa ga ɗakuna da rumbuna da turken da babu doki a kansa. Wani gidan dagaci ne, wani na babban malami, wani na attajirin da ya yi fataucin goro ko na manomin da ya taɓa cika rumbu da dami dubu. Galibinsu an kifa musu kwano a ka, waɗansu an shafe fuskarsu da siminti, waɗansu kuwa damina ta riga ta ci rabinsu. A kan wannan gida nake so mu yi magana yau, domin a ganina muna gab da rasa shi, alhali kuwa ba mu tsaya mun karanta abin da ke cikinsa ba.

Tun can da, manyan ƙasar Hausa ba su taƙaita zamansu ga birni kaɗai ba. Sarki yana da fadarsa a cikin ganuwa, yana kuma da gidaje a gandayensa, inda yakan sauka ya duba noma, ko ya tsare iyaka, ko ya huta daga hayaniyar fada. Mafi shahara a cikinsu shi ne gidan Sarkin Kano na Fanisau, arewa da birnin. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da Fanisau ribaɗi a zamanin da yake fama da Ɗan Tunku, kuma Baturen nan Kilafaton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ambaci garin a labarin tafiyarsa. Da yaƙin ya lafa, sai gidan ya zama cibiyar manyan gonaki, kuma har yau akwai Hawan Fanisau a cikin bukukuwan salla na Kano, kamar yadda ake da Hawan Ɗorayi da Hawan Nasarawa, dukkansu zuwa gidajen da asalinsu na bayan gari ne, ko da yake yanzu birni ya cim musu. Wannan tsari ya yi daidai da siyasar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ta kwaɗaitar da umarawansa su kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, su zaunar da jama'a a cikinsu, su raya su da noma da sana'a da karatu, shi kansa kuma ya zauna a Wurno har Allah ya karɓi ransa a can a 1837.

A ƙasar Bauchi ma akwai Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, mutumin da ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A 1956 gwamnati ta sa wannan gida cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta tsare. Abin lura a nan shi ne, magini mafi girman daraja a zamaninsa bai ɗauki aikin ƙaramin gari a matsayin ƙasƙanci ba, kuma irin bakan da ya ɗaura wa masallacin birnin Zazzau shi ya je ya ɗaura wa mai tsaron iyaka a karkara.

To, mu dawo gida. Wannan yanki namu shi ne malaman tarihi ke kira Katsina Laka, saboda nauyin ƙasarsa da albarkarta, kuma marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda ya fito a 1981, ya yi bayanin tsofaffin garuruwansa irin su Maska da Gozaki, waɗanda suka shahara da auduga da saƙa tun kafin Jihadi. Da Turawa suka ci ƙasa, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906 ya rasu a 1944, sai aka tsaurara cewa kowane hakimi ya zauna a cikin gundumarsa, ya bar dogaro da jakadu wajen tara haraji. Malumfashi ta tabbata mazaunin Galadiman Katsina, Sarkin Maska kuma daga baya mazauninsa ya koma Funtuwa. Hakimi kuwa ba ya zama sai da zauren da zai yi fadanci, da masaukin baƙi, da bargar dawaki, dagatai kuma suka kwaikwayi hakimai gwargwadon ƙarfinsu, masu hali suka kwaikwayi dagatai. Ta haka ginin soro irin na birni ya yaɗu a ƙasar da a da galibin ɗakunanta na jinka ne. Ban manta kuma da manyan gidajen gandu na Maguzawa da ke warwatse cikin gonaki a ƙasar Malumfashi ba, inda uba da 'ya'ya da jikoki ke zaune cikin danga ɗaya, rumbunansu jere, waɗanda su ma gidajen karkara ne na asali, ko da yake fasalinsu dabam ne.

Yanzu sai mu tsaya a kan yadda ake ginin, domin a nan hikimar take. Magini ba ya fara aiki sai ruwa ya ɗauke. Za a haƙo jar ƙasa ko birji daga kududdufin da ke kusa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, wani lokaci har da kashin doki, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa, har sai ta yi danƙon da gwani zai damƙa ya ce ta nuna. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau. Wajen ɗora shi, magini yana zaune bisa bangon, yaransa na jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa, yana jera su tsaye yana cike tsakaninsu, kuma ba ya ɗora sabon sahu sai na jiya ya sha iska. Bangon yakan fara da kauri ƙwarai a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa, saboda nauyin ya zauna inda ƙarfi yake. Wannan kauri shi ne sirrin sanyin soro, domin zafin rana ba ya gama ratsa bangon sai dare ya yi, a lokacin hunturu kuma ɗumin da ya sha da rana shi yake saki da asuba.

Rufi shi ne inda ake bambanta gwani da ɗan koyo. Itacen rufi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga giginya, kuma an zaɓe ta ne saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara tana da iyaka, domin idan aka shimfiɗa ta a kan tazarar da ta wuce kamu huɗu ko biyar, aka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwasa. Da an tsaya a nan, da ba a taɓa samun zauren da zai ɗauki fadanci ba. Sai magabata suka gano dabarar baka: a dasa azara cikin bango tun yana tashi, ta leƙo ciki kaɗan, a ɗaure mata wata da igiya wadda ta fi ta karkata, a ɗaure wa wannan wata, daga bangon da ke fuskantarsa ma a yi haka, har su haɗu a tsakiya can sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa su zama bakan gizo. Idan bakuna suka taso daga kowane gefe suka sarƙe a ƙololuwa, shi ne ɗaurin guga, kuma tsakaninsu ya rarrabu zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya haye kowannensu ba tare da wahala ba. A kan wannan sai a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddaɓe ta da gangara zuwa indararo, a kewaye bakin rufin da rawani, a tsayar da zankwaye a kusurwoyi. Mutanen da suka yi wannan lissafi ba su riƙe takarda ko alƙalami ba, amma masanin gine-ginen nan ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, ya ga darajar aikinsu har ya tsaya aka kwaikwayi Masallacin Zariya da wani sashe na fadar Katsina a gidan tarihi na Jos.

Sauran aikin shi ne kariya daga ruwa, kuma a nan ne sana'o'in gari ke haɗuwa a bango guda. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ita ce ke ba bango wannan launi mai duhu, ta kuma hana ruwa kama shi. Laso kuwa ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara mai yauƙi. Ke nan kafin soro ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, sai manomi ya bar ɗorawa da giginya a gonarsa, marini ya yi rini, majemi ya yi jima, maƙeri ya ƙera ƙyaure da ƙusa. Malam Ibn Khaldun ya lissafa gini a farkon sana'o'in zaman gari, kuma wanda ya dubi laso zai fahimci dalilinsa.

Game da tsarin gidan kuwa, duk ɗalibin fiƙihu zai gane shi da kallo ɗaya. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nur, ya yi umurni da neman izini da sallama kafin shiga gidan wani, kuma magininmu ya mai da wannan umurni gini. Zaure shi ne haddin baƙo: nan ake sallama, nan ake gaisuwa, nan ake sulhu da ɗaurin aure da karatun dare, nan matafiyin da dare ya riske shi zai shimfiɗa tabarma ba wanda zai tambaye shi ɗan gidan wane ne. Bayansa akwai ƙofar gida, filin da samari ke kwana kuma ake ɗaure doki, sai shigifa, wadda ba a wuce ta sai muharrami ko yaro. Ƙofofin nan kuwa ba a jera su a saiti ɗaya, ana karkatar da su ne da gangan, domin idon wanda ke tsaye a waje kada ya faɗa kan iyali. Can ciki ga turakar maigida, ga ɗakin kowace mata, wanda adalci ya wajabta kada na wata ya fi na wata, ga rijiya da madafa da rumbuna. A gidan karkara rumbu yana da matsayin da ba shi da shi a birni, domin daga cikinsa ake fid da zakka, daga cikinsa ake ciyar da baƙo da almajiri, kuma a shekarar fari girman maigida yana bayyana ne daga yawan mutanen da suka ci daga gare shi. A ƙasar Italiya ma, magini Faladiyo, wanda ya rasu a 1580, da ya tsara wa manyan Banis gidajensu na karkara, waɗanda Turawa suka yi ƙarnoni suna kwaikwayo, ya haɗa masaukin maigida da ma'ajin hatsi da wurin dabbobi a fasali guda, saboda shi ma ya san gona ce ke riƙe da gidan.

Insafi ya wajabta mu faɗi wanda ya ɗauki ƙasar a ka. Gandayen Fanisau bayi ne suka noma su, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya bayyana filla-filla a littafinsa na 2011, kuma ba Fanisau kaɗai ba, rinji sananne ne a ko'ina cikin daular Sarkin Musulmi. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu 1901, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, bayan haka ma talakawa sun daɗe suna yi wa masu sarauta aikin da ba a biya. Ina faɗin wannan ne domin jikokin waɗanda suka kwaɓa ƙasar suna cikin masu sauraronmu, kuma haƙƙinsu a kan waɗannan gine-gine bai gaza na jikokin waɗanda suka zauna a ciki ba. Haka nan yana bayyana mana dalilin faɗuwar gidajen. Soro kamar doki yake, sayensa ba shi ne wuya ba, harawarsa ta kullum ita ce magana. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an toshe tsaga, an gyara indararo, an sabunta yaɓe, a ƙasarmu kuwa, inda damina ta fi ta birnin Katsina nauyi da tsawo, sakacin shekara biyu ya isa ya kawo rufi ƙasa. Muddin akwai hannaye da yawa a gandu, wannan aiki ba ya gagara. Da gandu ya watse, aka raba gado, kowane ɗa ya ja sashensa ko ya tafi birni, sai zauren ya zama na kowa, ba a kuma sami wanda zai ce nauyin yaɓensa a wuyansa yake ba.

Sa'an nan ga abin da jirgin ƙasa ya kawo. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin BCGA, wanda har yau sunansa bai ɓace daga bakin mutanen Funtuwa ba, ya kafa injinan gurzar auduga, kuɗi suka shigo hannun manomi, kwano da siminti suka shigo kanti. Aikin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara buɗe hanyoyi zuwa ƙauyuka. Ba ni da ja da wanda ya zaɓi kwano, domin duk wanda ya taɓa kwana yana sauraron ɗigar rufi a watan Agusta, 'ya'yansa na barci a ƙarƙashin nauyin ƙasa jiƙaƙƙiya, ya san dalilinsa, kuma tsare rai yana gaba da tsare ado a kowace mazhaba. Abin da ke damuna shi ne an yar da ilmin tare da rufin. Giginya ta yi ƙaranci, karofi da yawa sun mutu, saboda haka katsi ya yi wuya, ɗan magini kuma ya ga buga bulo ya fi kawo abinci. Mafi muni shi ne simintin da ake shafa wa bangon ƙasa da nufin alheri, domin ba ya kama ƙasa, ruwa yakan shiga ta bayansa ya rasa mafita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. Masallacin Zariya na Babban Gwani kansa, a shekarun 1970, an lulluɓe abin da ya rage nasa cikin sabon gini. A 'yan shekarun nan kuma ga musibar 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka a wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, gidan da mai shi ya gudu ya bari kuwa ba ya jiran a yi sulhu kafin ya zube. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Kada wani ya ce wannan sana'a zamaninta ya wuce. A garin Yama, cikin jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Jumma'a na ƙasa a 1962, jama'ar gari suka taimaka da ƙarfinsu da abin hannunsu, kuma a 1986 aka ba wannan masallaci lambar yabo ta Aga Khan, wadda take cikin manyan lambobin gine-gine na duniyar Musulmi. A Ingila, da manyan gidajen karkara suka fi ƙarfin magadansu, wata ƙungiyar amana da aka kafa a 1895 ita ta riƙa karɓar su tana kula da su, jama'a na shiga suna gani. Mu kuwa ba mu buƙatar aron wannan tsari, tun da shari'armu ta riga ta ba mu waƙafi.

Roƙona ga iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ƙara musu lafiya, shi ne kowannensu ya sa a ƙidaya zaurukan da ke da ɗaurin guga a ƙasarsa, a san mai su da shekarunsu da wanda ya gina su, tun dattawan da suka sani suna raye. Magada kuma, idan za a raba gida, su yi shawara su fitar da zauren daga rabo, su tsayar da shi waƙafi na karatu ko saukar baƙi, su haɗa masa ɗan yankin gona wanda amfaninsa zai biya yaɓen shekara. Makarantun koyon sana'a da sassan nazarin gine-gine, tun daga Jami'ar Ahmadu Bello har zuwa kwalejojin jiharmu, su nemi Sarkin Magina na kowane gari su zaunar da ɗalibai a gabansa, a biya shi ladan malami, a ɗaura baka ɗaya daga tushe har ƙololuwa suna kallo suna kama igiya. Wanda kuma tilas ta sa zai rufa kwano, ya ɗora shi a bisa soron ya bar bakunan a ƙarƙashi, ya kuma fito da bakin kwanon sosai domin ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Duk wannan aikin rani ne, kuma wanda zai yi yaɓe bana ya tanadi ɓawon ɗorawarsa ya nemi magini kafin watan Afrilu ya fita.